Lambun Gama Kai na Alamar a Havana da Lissafin Takinsa

Alamar unguwa ce a gabashin Havana, babban birnin Kyuba, dab da bakin teku. Gidajenta benaye ne na kankare, iri ɗaya reras, waɗanda aka fara ginawa a shekarun 1970, kuma mazaunanta sun kai wajen mutum dubu 100. A tsakanin benayen nan akwai wani lambu da ake kira Vivero Alamar. A 1997 Miguel Salcines, tsohon ma'aikacin Ma'aikatar Noma, ya fara shi tare da mutum huɗu a kan fili mai murabba'in mita 800, suna renon iri suna sayar da dashe. Daga baya lambun ya faɗaɗa zuwa kimanin hekta 11, membobinsa suka haura 150.

Masu ziyara sun fi ɗaukar hoton layukan latas. Amma wanda yake son ya gane yadda wurin ya tsaya da ƙafafunsa, sai ya zagaya baya, inda garken shanu da tulin taki da kwamin tana suke.

Abin da ya tilasta shi

Kafin 1990 noman Kyuba ya dogara ne kacokan a kan takin zamani da man fetur da maganin ƙwari da ake shigowa da su daga Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, a musayar sukari. Da Tarayyar ta rushe a 1991, kayan da ƙasar ke shigowa da su suka ragu da kusan kashi uku cikin huɗu, tattalin arziki ya faɗi da kimanin kashi 35 cikin 100 tsakanin 1989 da 1993. Ko an noma abinci a karkara, babu man da za a kai shi birni. A 1992 da 1993 wata cutar jijiyar ido mai nasaba da ƙarancin abinci mai gina jiki ta kama mutum wajen dubu 50. Mutanen Havana suka shiga shuka a bayan gida da saman rufi da duk wani kango, gwamnati kuma ta biyo baya da dokoki biyu da suka share wa Alamar hanya. A Satumban 1993 aka ƙirƙiro ƙungiyoyin gama kai da ake kira UBPC: ƙasa ta gwamnati ce, ƙungiya tana nomawa ba haya, amfanin gona nata ne, amma ba ta da ikon sayar da filin. A Oktoban 1994 kuma aka buɗe kasuwannin amfanin gona inda manomi zai sayar da rarar kayansa.

Wannan batu na fili ba ƙarami ba ne. Gina ƙasar lambu aikin shekaru ne, kuma ba wanda zai zuba tan ɗari na taki a filin da za a iya kore shi daga kai bana.

Yadda ake gina fangali

Hanyar da Kyuba ta shahara da ita ana kiranta organopónico. Sojoji ne suka fara gwada ta a ƙarshen shekarun 1980. Ma'anarta ita ce, inda ƙasar wurin ba ta da kirki, ko ɓaraguzan gini ne ko tsakuwa, sai a gina dogon akwati marar gindi a cika shi da ƙasar da aka haɗa. Inda ƙasar asali take da kyau ba a buƙatar bango, sai a tayar da fangali kai tsaye a zuba masa taki. Duk da ana kiran lambun Alamar da sunan organopónico, babban ɓangarensa irin na biyun ne, amma ma'aunin ɗaya ne.

Faɗin fangali mita 1.2. Ba ado ba ne: hannun mutum yana kai wa tsakiya daga kowane gefe, don haka ba mai taka ƙasar ya danne ta. Zurfin ƙasar shuka santimita 30, hanya tsakanin fangali da fangali rabin mita, sannan a bar manyan hanyoyi na mita 2 zuwa 3 don baro da keken shanu. Tsawo yakan kai mita 15 zuwa 30. In ya wuce haka, ruwan fayif yana raguwa kafin ya kai ƙarshe, ma'aikaci kuma ya riƙa tsallakawa ta kai don gudun zagaye. Ana miƙe su daga arewa zuwa kudu don rana ta raba haske daidai. A gindi ana fasa ƙasar asali, in wurin yana riƙe ruwa a shimfiɗa tsakuwa, domin fangalin da ruwa ya kwanta a cikinsa kwana biyu saiwarsa ta ruɓe. Bango kuwa da abin da aka samu: bulo, dutse, fale-falen rufi. Wasu lambunan sun yi amfani da fale-falen asbestos a shekarun wahala, abin da bai kamata a kwaikwaya ba, don ƙurarsa idan ana yanka shi tana illata huhu.

Haɗin cikin akwati aƙalla rabi ruɓaɓɓen taki ne, sauran ƙasar sama. Idan ƙasa ta rinjaya, bayan 'yan watanni na ban ruwa sai ta daskare kamar bulo. Kafin a cika, ana gwada ƙasar da aka kawo: a zuba ta a 'yan buhuna, a shuka kabewa ko kokwamba, bayan wata guda a tuge a duba saiwa. In an ga ƙulle-ƙulle kamar carbi, akwai tsutsar saiwa, kuma wannan ƙasa ba ta shiga lambu.

Lissafin da yake kayar da lambuna

Fangali mai tsawon mita 30 da faɗin 1.2 da zurfin 0.3 yana cin kubik mita 10.8, wato taki kubik mita 5.4 tun kafin a shuka ƙwaya ɗaya. A hekta guda, in an cire hanyoyi da rumfuna, abin da ya rage na shuka bai fi murabba'in mita 6,000 ba. Cika shi na farko yana buƙatar taki kubik mita 900. Wannan sau ɗaya ne, kuma sau da yawa akan samu mai tallafawa. Abin da ba a cika samun mai tallafawa a kai ba shi ne na kowace shekara.

Ka'idar da masana noman birni na Kyuba suka shimfiɗa ita ce a mayar wa kowane murabba'in mita aƙalla kilo 10 na taki a shekara, ana rarraba shi bayan kowane girbi. Dalili a fili yake. A ƙasa mai zafi da danshi taki yana ƙonewa da sauri, ga shi ana girbe fangali ɗaya sau shida ko fiye a shekara, kowane girbi yana ficewa da abincin ƙasa ta ƙofar lambu. Kilo 10 sau 6,000 tan 60 ke nan a hekta. Ɗanyen kaya kuwa yana zubar da rabin nauyinsa ko fiye kafin ya nuna, don haka tan 60 na nunannen taki yana nufin tan 120 zuwa 150 na ɗanye. Saniya da ke ɗaure tana ba da kashi wajen kilo 25 a yini, tan 9 a shekara. Idan da kashin shanu kaɗai za a dogara, hekta guda tana jiran shanu goma sha uku ko fiye, su kuma shanun suna jiran ciyawa daga wani filin.

Lambunan Havana da yawa sun dogara da cachaza, wato baƙar lakar da ake tacewa daga ruwan rake a masana'antar sukari, da kashin shanu daga gonakin madara na wajen gari. Duka biyun sai da mota. A 2002 gwamnati ta rufe kusan rabin masana'antun sukari na ƙasar, 71 daga cikin 156, cachaza ta yi wuya, man dizal kuma dama bai taɓa wadata ba. Lambun da bai samu taki ba ba ya mutuwa rana ɗaya. Ƙasar akwati ce take nutsewa a hankali har bakin bango ya fito fili da taƙi guda, ruwa ya daina shiga, latas ya ƙanƙance, tsutsar saiwa ta samu wuri. Alƙaluman hukuma sun nuna amfanin irin waɗannan lambuna ya tashi daga kilo 1.5 a murabba'in mita a 1994 zuwa sama da kilo 25 a 2001. Ko an rage wani abu daga lissafin hukuma, tashin gaskiya ne, kuma taki da ruwa ne suka ɗauke shi. In suka janye, haka zai sauko.

Abin da Alamar ta yi shi ne ta jawo sana'ar taki cikin gida. Ta ajiye shanu musamman saboda kashinsu, ta ware ma'aikata da ba su da wani aiki sai taki, ta mayar da duk ragowar girbi tuli, ta kuma kafa kiwon tana.

Tuli da kwamin tana

Tulin taki ana yin sa ne hawa-hawa, faɗi mita 1.5 zuwa 2, tsayi kamar mita 1.5. A shimfiɗa ragowar ganye da kara santimita 15 zuwa 20, a bi da kashin dabba santimita 5, a yayyafa ruwa, a sake. Abin da ake nema shi ne sinadarin kabon da ke cikin tulin, wanda ya fi yawa a busasshen kaya, ya ninka sinadarin naitirojin, wanda ya fi yawa a kashi da ɗanyen ganye, sau 25 zuwa 30. Danshi kuwa da hannu ake auna shi: a damƙi taki a matse, in ya dunƙule ya jiƙa tafin hannu ba tare da ruwa ya zubo ba, ya yi daidai. Cikin kwana uku zuwa biyar zafin ciki ya kamata ya kai digiri 55 zuwa 65, wanda shi ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Inda babu ma'aunin zafi, adda ake cusawa cikin tulin a bar ta 'yan mintuna. Ta fito da zafi da gumi, aiki yana tafiya. Ta fito da zafi a bushe, har ana ganin farin abu kamar toka a cikin tulin, ruwa ya yi kaɗan. Ta fito da sanyi a jiƙe, tulin ya sha ruwa ya shaƙe.

Hanci ma ma'auni ne. Warin fitsari mai hawa ka yana nufin kashi ko ɗanyen ganye ya yi yawa, naitirojin yana ficewa yana bin iska, sai a ƙara busasshen kara. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin iska ba ta shiga, sai a juya a buɗe shi. Ana juyawa duk lokacin da zafi ya fara sauka, a mayar da na gefe tsakiya, domin gefen tuli ba ya taɓa yin zafin da zai kashe komai. Wata uku zuwa huɗu ya nuna: ya yi baƙi, ya huce, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Ganyen da cuta ta kama da saiwar da ke da ƙulle-ƙulle ba sa shiga tuli.

Mai karatu zai iya tambaya, ina sharar gidajen mutum dubu 100? Kaɗan ce take isa lambu. Sharar birni a gauraye take da kwalba da leda da batir, ragowar abinci kuma tun shekarun wahala masu kiwon alade ke kwashewa. Ana yawan faɗin cewa noman birni yana mayar da sharar gari abinci. A wannan lamarin dai, dabba da ragowar lambun kansa ne suka ɗauki nauyin.

Kiwon tana ya fi tuli laulayi, amma takinsa ya fi ƙarfi. Jar tana ake amfani da ita, wadda ake kira 'yar Kalifoniya, mai zama a saman taki ba mai nutsewa ƙasa ba. Ana gina kwami mai faɗin mita guda ko ɗan fiye, a inuwa, da ɗan gangare don ruwa ya fita. A shimfiɗa kashin shanu da ya daɗe a ajiye ya huce, kaurin santimita 10 zuwa 15, a zuba tana kimanin kilo guda a kowane murabba'in mita. Ɗanyen kashi mai zafi yana kashe su, shi ya sa ake gwaji kafin a ba su sabon abinci: a ɗebi kaɗan a akwati, a sa tana 50, a dawo bayan awa 24. In sun shige ciki suna raye, abincin ya yi. In sun taru a gefe suna neman gudu ko wasu sun mutu, a ƙara masa kwanaki ana jiƙawa ana juyawa. Danshin kwami ya fi na tuli, wajen kashi 80 cikin 100, zafi kuma tsakanin digiri 20 da 28. Idan saman ya koma baƙi mai laushi kamar garin shayi, sun cinye, sai a ƙara wani sashe siriri. Kauri shi ne kuskuren sabon shiga: ya zuba santimita 30 lokaci ɗaya don ya huta, kashin ya ɗauki zafi, tana ta mutu a ƙasa.

Bayan kamar wata uku kwamin ya kai santimita 60. A daina ciyarwa 'yan kwanaki, a shimfiɗa raga a sama, a zuba sabon abinci a kanta. Tana mai yunwa za ta hau ta cikin ragar, a ɗauke ta gaba ɗaya zuwa sabon kwami, a maimaita sau biyu ko uku, sannan a kwashe takin a shanya a inuwa a tankaɗe. Abokan gabanta tururuwa da kaji da tsuntsaye. Tururuwa alama ce ta cewa kwamin ya bushe.

Mafi kyawun wannan taki ba fangali yake tafiya ba, wurin renon iri yake zuwa. Ana haɗa shi da buntun shinkafa da takin tuli a cika farantai masu ramuka, kowane rami ƙwaya ɗaya. Dashen yana fita da dunƙulen ƙasarsa, ba ya yin yaushi, kuma makonni uku ko huɗu da ya yi a faranti makonni ne da fangali yake ɗauke da wani amfanin. Da wannan dabara ake samun girbi da yawa a shekara. Ƙa'idar aiki ita ce kada fangali ya wuce kwana biyu a buɗe bayan girbi.

Ƙwari, zafi da gishiri

An hana maganin ƙwari na kemikal a noman cikin Havana, don haka kariya hawa-hawa ce. Ana kewaye lambu da layin masara ko dawa, su tare iska su kuma zama mafakar ƙwarin da ke cin 'yan uwansu. A kan kowane fangali ana shuka furen marigol da ɗoɗɗoya, a gefe kuma albasa mai ganye. Ana kafa allunan da aka shafa wa maiƙo, rawaya don farin ƙuda, shuɗi don ƙananan ƙwarin da ke tsotse fure. Amfaninsu na farko shi ne su nuna wa mai lambu abin da ya shigo kafin ya yi yawa. Feshi kuwa da ruwan darbejiya, da ruwan ragowar ganyen taba da aka sa wa farar ƙasa, da ƙwayoyin halitta irin su Bacillus thuringiensis don tsutsar ganye da Trichoderma don cututtukan ƙasa, waɗanda ƙananan cibiyoyi da ake kira CREE suke samarwa. Waɗannan rayayyu ne. A fesa su da tsakar rana, ko a ajiye su a wuri mai zafi, an yi asarar kuɗi. Da yamma ake fesawa.

Tsutsar saiwa ita ce babbar matsala, domin tumatir da kokwamba da kuɓewa duk abincinta ne. Ana juya ƙasa a bar wa rana, ko a jiƙa ta a rufe da farar leda mako huɗu zuwa shida a tsakiyar zafi. Akwai kuma tarko: a dasa latas, a tuge shi da saiwarsa kafin wata ya cika, tsutsar ta shiga amma ba ta kai ga yin ƙwai ba.

Daga Nuwamba zuwa Afrilu lambu yana cika da latas da tumatir da kabeji da karas. Daga Mayu zuwa Oktoba zafi da ruwan sama mai ƙarfi suna hana su, sai a koma kuɓewa da kokwamba da dogon wake da yalo, a kuma rufe wasu fangulan da ragar inuwa mai rage kimanin kashi ɗaya cikin uku na hasken rana. Wannan lokacin ne kuma na guguwa, kuma rumfar da ba a kwance ragarta kafin iska ta iso ba, da ƙarafunanta za ta tafi. Kusancin teku yana sa ruwan rijiya ya zo da gishiri da ma'adinai masu toshe bakin fayif. A Alamar an ɗaura maganaɗisu a jikin fayif da nufin rage wannan. Hujjar kimiyya a kansa ba ta da ƙarfi, kuma wanke layukan ruwa a kai a kai da gyara magudana sun fi shi tabbas.

Rabon kuɗi da kasuwa

Aikin lambu a rana ba abin da ɗan birni yake sha'awa ba ne, kuma a Kyuba an daɗe ana raina shi. Alamar ta jawo mutane da aljihu. Bayan albashi, ana raba kimanin rabin riba ga membobi duk kwana 15, kason mutum yana ƙaruwa da daɗewarsa a ƙungiya, sauran ribar ta koma jari. Rabo duk mako biyu ya fi na ƙarshen shekara tasiri, don wanda ya yi sakaci da ban ruwa zai ga sakamakon a aljihunsa da na abokan aikinsa kafin a manta. Babban taron membobi ne yake zaɓen shugabanni, ana kuma bayyana lissafin shiga da fita. Sa'o'in aiki sun gaza takwas, ana ƙara rage su a watannin zafi, akwai abincin rana da rance marar ruwa. Da yawa daga cikin membobin tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya, wasu da ilimin injiniya ko lissafin kuɗi, abin da ya amfani ƙungiyar, ko da yake yana nuna wahalar riƙe matasa. Ƙungiyar agaji ta Jamus, Welthungerhilfe, ta taimaka da kayan aiki, kuma duk mai son kwaikwayon Alamar ya sa wannan a lissafinsa.

Mafi yawan amfanin ana sayar da shi ne a rumfar da ke bakin lambun, ga mutanen unguwa, an tuge da safe an sayar kafin azahar. Babu kuɗin mota, babu firji, babu dillali. Wani kaso yana zuwa makarantu da asibitoci a farashi mai rangwame. Abin da ya yi yawa ana sarrafa shi: tumatir ya zama na gwangwani, ganyen ƙamshi a busar a niƙa, wasu kayan a jiƙa su a ruwan tsami. Ana kuma sayar da dashe da furannin ado da takin tana ga masu ƙananan lambuna a bayan gida, waɗanda ba su da wurin yin nasu.

Abin da ke fita daga rumfar ganye ne da kayan miya da ɗan 'ya'yan itace. Shinkafa da wake da alkama da man girki da nama, waɗanda su ne ƙarfin abincin ɗan Kyuba, ba sa fitowa daga fangali mai zurfin santimita 30, kuma har yanzu ƙasar tana sayo mafi yawan abincinta daga waje. Ko da an ɗauki kilo 20 a murabba'in mita, aka kuma ɗauka cewa hekta 11 ɗin duk fangula ne, wato murabba'in mita 66,000 na shuka, abin da zai fito tan 1,320 ne a shekara. A raba wa mutum dubu 100, kowa ya tashi da kilo 13, giram 36 a yini, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. A zahiri ma bai kai haka ba, tunda shanu da tana da bishiyoyi da rumfunan reno sun cinye wani ɓangare na filin.